Indararon maƙwabcina ya kayar min da katanga, ya ce ruwan Allah ne: wa zai biya?

Tambaya

Barista, barka da aiki. Ina zaune a wata tsohuwar unguwa cikin birnin Kano, gidan gado ne, ginin ƙasa da aka yi wa yaɓen siminti. Shekara biyu ke nan maƙwabcina ya rushe gidansa ya tayar da bene, ya juyo indararo biyu suna zuba a ɗan lungun da ke tsakaninmu, daidai gindin katangata. Na yi masa magana ya fi sau uku, bara har gaban mai unguwa muka je, ya ce zai sa a haɗa bututu, shiru kake ji. Cikin watan Agustan nan aka kwana ana ruwa, da asuba katangar ta zube. Ɗaki guda ya buɗe, buhunan hatsi da kayan ɗakin iyalina suka lalace, Allah dai ya tsare ba a rasa rai ba. Wani ɓangaren kuma ya danne adaidaita sahun wani yaro da yake ajiyewa a lungun da daddare. Maƙwabcin ya ce ruwan Allah ne, ba shi ya saukar ba, ko sisi ba zai bayar ba. Mai adaidaita kuma ni ya riƙe, wai ya taɓa gaya min katangar ta karkata, kuma gaskiya ya faɗa. Ƙannena sun ce mu je mu ɓalle indararon, ko mu kai shi caji ofis. Mene ne haƙƙina, kuma me ke kaina?

Amsa

Malam, Allah ya kiyaye gaba, ya mayar da alheri. Tun da rai bai salwanta ba, sauran duk mai sauƙi ne.

Bari in fara da maganar maƙwabcin naka, don ita ce ginshiƙin rigimar. Gaskiya ne ba shi ya saukar da ruwa ba. Amma ba ruwan sama za ka kai ƙara ba, indararo za ka kai, shi kuwa indararo ba daga sama ya faɗo ba, birkila aka kira aka biya shi ya kafa shi yana kallon katangarka. Ruwan da a da yake bazuwa a tsakar gida, ƙasa ta shanye rabi, yanzu rufin bene ne ke tattara shi gaba ɗaya ya antayo shi wuri guda daga sama. Duk wanda ya zauna a ginin ƙasa ya san katanga ba daga kai take mutuwa ba, daga gindi ne: ruwa ya zaizaye tushen, danshi ya hau, yaɓen siminti ya rabu da ƙasar da ke bayansa, ta yi ciki, wata rana ta kwanta. Damina biyu ana dukan wuri ɗaya ta isa.

A shari'ar Musulunci maganar ba ta da tsawo. Hadisin "la darara wa la dirara", wato ba cuta ba cutarwa, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma a kansa malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka. Duk ɗalibin zaure da ya karanci littafin fiƙihun nan Risala ya wuce ta wurin da aka ce mutum ba zai buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci ba, ba zai yi ƙofa saitin tasa ba, ba kuma zai haƙa ramin da zai cutar da shi ba ko da a cikin mallakarsa ne. Wannan ƙarshen, "ko da a cikin mallakarsa ne", shi ne amsar masu cewa "gidana ne, in yi abin da na ga dama". Idan ramin da aka haƙa a cikin gida bai halatta ba saboda katangar maƙwabci, ina ga ruwan da aka turo waje?

Dokar da muka gada daga Ingila ma nan ta tsaya. Akwai ƙa'idar da ta hana mutum amfani da filinsa ta hanyar da za ta ɓata na maƙwabci, akwai kuma ta sakaci. Hujjar "aikin Allah ne" sananniya ce a wajen lauyoyi, sai dai ƙofarta ƙarama ce ƙwarai. A shekarar 1917 kotun ƙoli ta Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke wata shari'a daga garin Greenock na Sikotlan: hukumar garin ta sauya hanyar wani rafi don gina wa yara wurin wasan ruwa, aka yi mamakon da ba a saba gani ba, ruwa ya malalo ya ɓata kayan kamfanin jirgin ƙasa. Hukumar ta ce ruwan ya wuce misali. Alƙalai suka ce wanda ya taɓa hanyar ruwa, wajibi ne ya yi aikin da zai ɗauki ruwan ko da ya zo da yawa, suka ɗora mata biya. To balle ruwan Agusta a Kano, wanda ko yaro ya san yana tafe duk shekara.

Abin da ya fi ƙarfafa maganarka shi ne zaman nan da kuka yi gaban mai unguwa. Da bakinsa ya ce zai haɗa bututu. Wanda ya yi alkawarin gyara ya amsa cewa akwai ɓarna, kuma ya san da ita shekara guda kafin katanga ta faɗi. Ka je wajen mai unguwa tun yanzu, cikin ladabi, ka tuna masa zaman, ka kuma tuno su wa da wa ke wurin. A kotun shari'a hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya ana karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, kuma a Malikiyya shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara yana wadatarwa. Ka kuma gode Allah da ba ka yi kawaici ba. A littafin Tuhfatul Hukkam, wanda alƙalanmu ke yawan komawa gare shi, an ambaci cewa wanda yake nan yana gani aka ƙirƙiro masa cuta ya yi shiru har shekara 10, shirun na iya hana shi magana daga baya. Kunyar maƙwabci ta ci gidaje da yawa a garin nan.

Yanzu sai inda ba za ka ji daɗi ba, wato maganar adaidaita.

Takobin da za ka sari maƙwabcinka da shi, shi ne dai yaron nan yake riƙe da shi a kanka. Littafin fiƙihu na Mukhtasar na Shehu Khalil ya kawo mas'alar katangar da ta faɗa wa wani, ya ce mai ita yana lamuncewa idan abu uku suka haɗu: ta karkata, an gargaɗe shi, kuma yana da sararin gyarawa bai gyara ba. Kai da kanka ka ce ta karkata, ka ce yaron ya faɗa maka. Saura tambaya ta uku: yaushe ya faɗa maka? Idan ana gobe za ta faɗi ne, kana da abin cewa. Idan tun farkon damina ne, kuma ko tokara ba ka sa mata ba, ba ka kuma ce a daina ajiye kaya a gindinta ba, to ka shirya, wani kaso zai iya hawa kanka. Kotun da ba ta shari'ar Musulunci ba ma tambayar da za ta yi ke nan: ka sani ko ya kamata ka sani, me ka yi?

Amma shi ma yaron ba fari tas yake ba. Mutumin da ya ga katanga ta karkata har ya yi wa mai ita magana, sannan ya ci gaba da kwantar da abin sana'arsa a gindinta cikin marka, ya sa hannu a asararsa, kuma ana rage diyya gwargwadon haka. Sannan asalin karkatar daga indararo ta zo. Don haka kada ka yarda a raba maganar biyu, a ce ka biya yaro yau, ka je ka nemi naka gobe. Ku ukun ku zauna zama ɗaya, ko a sulhu ko a kotu, a raba nauyin gaba ɗaya. Ka kuma bincika ko adaidaitar tasa ce ko ta wani ce yake biyan balas, domin mai ita shi ne zai iya yafewa ko ya karɓa, ba direba ba.

Shawarar ƙannenka kuwa, ka ba su haƙuri. Ranar da kuka hau kuka ɓalle indararon nan, ranar ka tashi daga mai ƙara ka koma wanda ake tuhuma. Ɓarnata dukiyar wani da gangan laifi ne a kundin dokokin hukunta laifuka, wato Pinal Kod, sashe na 326 da na 327, ga kuma laifin shiga gidan mutum ba izini. Na sha ganin mai gaskiya ya kwana a bayan kanta saboda guduma ɗaya da ya ɗaga cikin fushi, wanda ya cuce shi kuma ya zo beli yana murmushi. Caji ofis ma ba wurin wannan magana ba ne. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum a kan rigimar da ba ta laifi ba ce, ta haƙƙi ce tsakanin mutum da mutum. Idan ya yi maka barazana ko ya kai hannu, wannan daban, sai ka je. Amma ɗan sanda ba ya yanke diyya.

Abin da za ka yi kafin komai, kada ka kwashe ɓaraguzan sai ka ɗauki hoto da bidiyo: bakin indararon da inda yake kallo, ramin da ruwa ya ƙwaƙule a gindin katanga, hatsin da ya jiƙe, kayan ɗakin, adaidaitar a inda take. In an sake yin ruwa, ka ɗauki indararon yana zuba. Kada ka goge daga wayar da ka ɗauka da ita, saboda Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, tana da sharuɗɗa kan abin da ya fito daga na'ura, lauya zai buƙaci bayanin wayar. Sai ka kira tsohon magini wanda ba ɗan'uwanka ba, in da hali injiniya, ya duba ya faɗi abin da ya kayar da ita, ya kuma rubuta kuɗin gyara. Wannan mutum yana da muhimmanci, domin abin da maƙwabcinka zai ce ba ɓoyayye ba ne: ginin ƙasa ne, ya tsufa, ko ba indararo zai faɗi. Amsar ita ce sauran katangun gidan, masu shekaru ɗaya da wannan, da suka sha ruwan dare ɗaya suna nan tsaye.

Game da abin da za ka nema, ka rubuta komai dalla-dalla da farashinsa, da rasit in akwai. Kotu ba ta biyan "kaya sun lalace da yawa", sai an lissafa an tabbatar. A fiƙihu abin da ake aunawa, kamar gero da masara, kwatankwacinsa ake biya, buhu da buhu. Irin su gado da katifa da sif kuma ƙimarsu ake yi a yadda suke ranar da suka lalace, ba kuɗin sabo a kasuwa ba. Haka katanga. Kada ka sa rai za a rushe maka ginin ƙasa a miƙo maka na bulo kyauta. In kana son bulo, wanda ni ma shi zan ba ka shawara, ka sa a ranka za ka cika daga aljihunka. Kuma kada ka manta da babban abin nema, wanda mutane ke mancewa in sun hango kuɗi: a juya indararon, a haɗa shi da bututu har ƙasa zuwa kwata. In ba haka ba sabuwar katangar ma layi za ta bi.

Ni a ganina ka fara da sulhu, ba don kana da rauni ba, sai don shari'a na cin kuɗi da lokaci, mutumin nan kuma gobe a masallaci ɗaya za ku haɗa sahu. Ka koma wajen mai unguwa, a kira liman da dattawa biyu, in ta ƙi a hau wajen dagaci ko hakimi. Hukumar Hisba na yin irin wannan sasanci, babbar kotun jiha ma tana da sashen sulhu da ba sai an yi doguwar shari'a ba. Sai dai wannan karon kada a tashi da "in sha Allahu zan gyara". A rubuta: nawa zai bayar, a wace rana, yaushe za a haɗa bututu, nawa ne kason adaidaita kuma wa zai biya, kowa ya sa hannu har shaidu, kowa ya riƙe kwafi. Kana kuma iya kai koke hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, su duba ko benen yana da izini kuma ko an bi tsarin magudanar ruwa. Sau da yawa wanda ya raina mai unguwa yakan sauko in ya ga takardar hukuma.

In duk ya ƙi, tun da ku Musulmi ne kana iya shigar da ƙara kotun shari'ar Musulunci, inda ba dole sai da lauya ba, kuma alƙali na iya zuwa ko ya aiko masana gini su gani da ido. In kuɗin da kake nema masu yawa ne, ko rigimar ta juye ta koma ta wane ne mai lungun, ka ga lauya kafin ka zaɓi kotu, don maganar mallakar fili a birni tana da nata hurumin. Kada ka ja lokaci, shaidu na mantuwa, ɓaraguzai kuma ba sa jira.

A makon nan dai, kafin wani hadarin ya haɗo, ka sa magini ya duba ragowar katangar, abin da ya tsage a sauke shi ko a tokare, ka fitar da iyali daga ɗakin da ya buɗe, ka kuma gaya wa masu bin lungun a gaban shaidu su kauce masa. Duk abin da ya sake faɗa wa wani daga yau, ba za ka iya cewa ba ka sani ba. Kuɗin wannan aikin ma ka karɓi rasit, ka haɗa cikin lissafin da za ka kai gaban mai unguwa.