Ambaliya ta shanye Sharon ɗin da ban gama biya ba: in gyara ko in mayar?

Assalamu alaikum Barista. Ni direba ne, ina lodi daga Auyo zuwa Haɗeja, wani lokaci har Kano. Shekara biyu ke nan wani Alhaji ya ba ni Sharon a kan naira miliyan 5, ina biya duk wata, zuwa yanzu na biya miliyan 3 da dubu 200. A daminar nan ruwa ya shigo ƙauyenmu cikin dare, motar tana ƙofar gida, kafin gari ya waye ya kai sitiyari. Da muka turo ta kan tudu ƙanena ya murza makulli, ta yi ƙara sau ɗaya ta ɗauke. Bakanike ya ce sai an sa wani injin an sake wayarin, wajen dubu 900. Wani dillali ya taya ta miliyan 1 da dubu 100 a yadda take. Alhaji kuma ya aiko cewa ko in ci gaba da biya ko ya turo a ɗauke motarsa. Ina da inshora ta dubu 15. Ina mafita?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Bari in fara cire maka rai daga inshorar nan. Ta dubu 15 ita ce wadda doka ta wajabta, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ƙara wa kuɗi daga dubu 5 a farkon 2023. Aikinta biyan wanda ka buge ko ka lalata wa dukiya, ba ta gyara motar mai ita ko da fitila ce ta fashe. Kuma wannan farashin na motar gida ne, kai kuwa haya kake yi, don haka idan ka tashi sabuntawa ka tabbatar an rubuta cewa motar ta haya ce. Abin da ya rage a nan shi ne ka tambayi Alhaji ko ya yi wa motar cikakkiyar inshora ko takaful, wato inshorar Musulunci, da sunansa. Idan ya yi, a duba ko takardar ta ambaci ambaliya, a sanar da kamfanin a rubuce tun yau, kuma kada a kwance ko ƙusa ɗaya sai jami'insu ya zo ya gani.

Sai tambayar da wasiƙarka ba ta amsa ba, alhali a kanta komai ya rataya: motar nan a yau ta wace ce? Kana cewa taka, Alhaji yana cewa tasa. Ɗauko takardar da kuka sa wa hannu, in babu ka nemo waɗanda suka shaida cinikin a tasha.

Idan sayar maka ya yi bashi, mota ta zama taka tun ranar da ka karɓi makulli. Asarar ruwa a kanka take, sauran miliyan 1 da dubu 800 kuma suna wuyanka ko da motar ta koma gwangwan. Amma shi ma kuɗi yake bi, ba mota ba. Ba shi da ikon turo yara su ja ta, sai in kun yi sharaɗin jingina. Idan kuka je kotun Shari'a, alƙali yana iya tsara maka biya daidai ƙarfinka, domin aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa mai bashin da ya shiga ƙunci har ya samu sauƙi.

Amma yadda Alhaji ya ce "motarsa" ya sa nake zaton ɗaya tsarin kuka yi, wato haya ce wadda sai ka biya kuɗin ƙarshe motar za ta zama taka. Wannan tana da dokarta tun 1965, lauyoyi suna kiranta Hire Purchase Act, kuma direbobi da yawa ba su san irin gatan da ta yi musu ba. Ta ce idan mai karɓar mota ya biya kashi 3 cikin 5 na kuɗin, mai mota ba zai karɓe ta ba sai ta hanyar kotu. Kashi 3 cikin 5 na miliyan 5 miliyan 3 ne, kai kuwa ka haura da dubu 200. Idan ya ƙwace da ƙarfinsa, yarjejeniya ta rushe, kana iya neman duk abin da ka biya. Sai dai akwai ƙofar da dokar ta bar masa: in biya uku suka taru a kanka, yana iya kai ƙara ya ɗauke motar ya ajiye a wurinsa kafin a yanke hukunci. Saboda haka kada ka yi shiru watanni suna tafiya kana cewa ai ya san ruwa ne.

Dokar ta kuma ba ka damar ka rubuta masa cewa ka janye, ka mayar da mota. Wanda ya janye ana binsa ne ya cika rabin kuɗin, kai ka wuce rabi. Abin da zai iya nema a bayan wannan shi ne diyyar sakaci, in ya nuna ba ka kula da motar yadda ya kamata ba.

Nan ne makullin da ƙanenka ya murza zai shigo. Ruwan da ya zo cikin dare mutane suna barci ba laifin kowa ba ne, kuma a fiƙihu wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta sai da sakaci ko ƙetare iyaka. Amma duk bakanike ya san mota tana iya kwana cikin ruwa injinta ya tsira, muddin ba a tayar ba. A zare fulogai, a fitar da ruwan, a juye baƙin mai da man giya, a busar. Da zarar an murza makulli ruwa yana cikin silinda, fistin zai taso ya tarar da abin da ba ya matsuwa, sai ƙarfen da ke tura shi ya lanƙwashe. Ƙarar nan guda da kuka ji, mai yiwuwa ita ce. Lauyan Alhaji, in ya san aikinsa, a nan zai tsaya, kuma zai tambaya ko mai unguwa ya yi shelar a kwashe kaya kafin ruwan ya iso. Ban ce za ka faɗi ba, domin mutumin ƙauye da ya ga motarsa ta fito daga ruwa ba abin mamaki ba ne ya gwada ta. Na dai ce kada ka shiga maganar kana ganin hannunka fes yake. Ka ɗauki hoton layin laka a jikin ƙofa da kujeru, ka zaro sandar gwada mai a ɗauki hotonta, in man ya koma kalar shayi da madara a gani. Ka samu bakanike na biyu, wanda ba shi zai yi aikin ba, ya rubuta abin da ya lalace da dalilinsa.

Tayin dillali kuwa, ka bar shi tukuna. Idan haya ce, sayar da motar ba da izinin Alhaji ba cin amana ne a dokar hukunta laifuka ta Final Kod, kuma maganar da take ta bashi sai ta koma ta 'yan sanda.

Yanzu lissafi, da alƙalumanka. In ka mayar, ka fita ba bashi sai in an ɗora maka diyyar sakaci, amma miliyan 3 da dubu 200 sun tafi, ba ka da abin fita lodi. In ka gyara, dubu 900 da ragowar bashi sun kama miliyan 2 da dubu 700. Ni a kan kuɗin bakanike nakan ce wa mutum ya ƙara sulusi, saboda ruwan fadama laka ne, yana shiga soket da birki da ƙarƙashin kafet, wata uku ko huɗu sai tsatsa ta fara magana: yau gilas ya ƙi sauka, gobe fitila tana kunna kanta. Duk da haka kana kusa da miliyan 3 ne ka mallaki motar da aka ba ka a miliyan 5 tun shekara biyu baya. Da sabuwar yayi ce mai kwamfutoci a kowane lungu, da na ce ka rabu da ita. Tsohuwar Sharon kayanta suna nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, masu wayarin sun san ta ciki da bai. Idan bakanike na biyu ya ce giya da bodi lafiya suke, ni gyara nake gani, bisa sharaɗin Alhaji ya ɗaga maka biya na wasu watanni a rubuce. Shi ma ya san mataccen ƙarfe a ƙofar gidansa ba zai kawo masa miliyan 1 da dubu 800 ba.

In ka sayi inji, a rubuta lambarsa a rasit tare da kwanakin garanti, sannan ka je ofishin lasin a gyara takardun mota, kada wata rana a tare ka a hanya lambar inji ta saɓa da ta takarda.

In kuwa an buɗe an ga ɓarnar ta wuce haka, ku sayar tare da Alhaji, kuɗin su tafi cikin bashi, ka roƙi rangwame a kan dubu 700 da za su rage. Kuma a faɗa wa mai saye ruwa ta sha, a rubuta a takardar ciniki. Hadisin da ke cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu, a kan abincin da ruwan sama ya jiƙa aka ɓoye a ƙasan tsibi ya zo. Alƙalin kotun Shari'a zai ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan aka ɓoye masa aibi, ko da an wanke kujeru an fesa turare.

Na san a yankinku da ruwa ya zo ake ambaton madatsun Tiga da Challawa, ana cewa gwamnati ce ya kamata ta biya diyya. Ka kai sunanka ga hukumar agajin gaggawa ta jiha ta hannun dagaci, amma abin da suke bayarwa tallafi ne, ba diyyar mota ba. Ƙarar hukuma kuma tana da wa'adin wata uku a doka, ga wahalar tabbatar da sakaci. Kada ka jingina lissafinka a nan.

A makon nan ka nemi zama da Alhaji, ka je da shugaban tasharku da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa. Ka riƙe takardar yarjejeniya, da duk rasit ko saƙon banki na biyan da ka yi, da hotunan, da rubutun bakanike. Duk abin da aka amince a rubuta, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi. Idan aka miƙo maka takarda da Turanci aka ce ta karɓar mota ce kawai, kada ka dangwala sai wanda ka yarda da shi ya karanta maka, domin da irinta ake rubuta cewa kai ka mayar da mota da kanka.