Tambaya da Amsa: Kullum Ni Ne na Ƙarshe a Gasar Fantasy

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa. Ni da abokaina na gidan kallon ƙwallo mun buɗe rukuni a gasar Fantasy Premier League (wasan intanet da mutum ke haɗa ƙungiyarsa daga 'yan wasan Firimiyar Ingila, yana samun maki gwargwadon ƙoƙarinsu a fili), amma kusan kowane mako ni ne a ƙasan teburi, har tsokanarsu ta fara hana ni zuwa majalisa. Ina sauya 'yan wasa a kai a kai, amma abin ya ƙi gyaruwa. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ɓacin ranka ba abin raini ba ne, domin duk wanda ya sayi data, ya raba dare yana lissafi, sannan kyaftin ɗinsa ya tashi da maki 2, dole abin ya ci masa rai. Sai dai kada ka ƙaurace wa abokanka a kan wannan, tunda kakar wasa mako 38 ce, kuma teburi yana juyawa.

A ganina, yawan sauyin nan shi ne yake kayar da kai. Gasar tana ba ka sauyi ɗaya kyauta a kowane mako, duk wanda ka ƙara a kai kuma sai an zaftare maka maki 4, daidai da ladan ƙwallo ɗaya ta ɗan wasan gaba. Saboda haka wanda yake da sauyi ɗaya amma ya yi uku cikin fushi ranar Lahadi da daddare, ya shiga sabon mako da bashin maki 8 tun alƙalin wasa bai busa usur ba. Tun kakar 2024/25 an yarda mutum ya tara sauyin kyauta har biyar, don haka haƙuri yana da riba.

Ka kuma ajiye son ƙungiya a gefe wajen zaɓen kyaftin, wanda makinsa ake ninkawa. A waccan kakar Mohamed Salah ya tara maki 344, kuma magoyin bayan Manchester United da ya ƙi ɗaukarsa don ƙin Liverpool kansa ya cuta.

Ana rufe sauyi minti 90 kafin wasan farko na mako, wani lokaci tun ranar Juma'a. Da yake sabis a ƙauye ba shi da tabbas, ka kai wayarka caji da wuri, ka duba labarin waɗanda suka ji rauni, ka kammala tsarinka tun daren Alhamis.