Jar gansakukar teku da maƙoƙon Hajiya

Tambaya: Malam, mahaifiyata tana da maƙoƙo, tana shan maganin asibiti. Wata mai talla a WhatsApp ta sayar mana da wani abu mai yauƙi a kwalba, wai jar gansakukar teku ce, ta ce a ajiye ƙwayoyin. Da ya ƙare, maƙwabcinmu ya ce zai ɗebo mana irinta a madatsar Dadin Kowa. Hankalina bai kwanta ba. Daga Pantami, Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa, gara da bai kwanta ba. A gode wa maƙwabci, amma kada ya ɗebo komai. Jar gansakuka ta kai nau'i wajen 7,000, kusan duka a ruwan gishiri suke. Wadda ake yayi tana manne ne da duwatsun gaɓar arewacin Atilantika, wajen Ailan da Kanada, sai danginta da matan Zanzibar ke nomawa a jikin igiya tun 1989. Koren nan da ke kwanciya a saman ruwan dam kamar an zuba fenti halitta ce daban. Wasu irinta na fitar da guba mai cin hanta, tafasawa ma ba ta kashe ta.

To, ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Masu talla sun ji an ce rashin sinadarin aidin (iodine) a jiki na kawo maƙoƙo, gansakukar teku kuma tana da aidin, shi ke nan sun zama likitoci. Maƙoƙo ai ba iri ɗaya ba ne! Akwai wanda halittar maƙogwaron ce ke aiki fiye da kima: zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, mutum na ci yana ramewa. Ki ƙara wa mai wannan aidin, ciwon ne zai daɗa tashi. Baligi maikirogiram 150 na aidin kawai yake buƙata a rana (maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), gishirin miyarmu kuma an daɗe ana sa masa. Aidin ɗin gansakuka kuwa yawansa ya danganta da nau'inta da ruwan da aka ciro ta. Tambayi mai kwalbar nawa ne a cokali ɗaya, ki ji yadda za ta koma waƙar masu talla, wai gansakukar na ɗauke da “ma'adanai 92”. Ba raina tsiron nake yi ba. Daga jikin wasu nau'o'insa ake samun agar, garin da nake dafawa kullum a ɗakin gwaji don renon ƙwayoyin cuta.

Ki mayar da Hajiya asibiti da kwalbar a hannu. Ki faɗa wa likita kwana nawa ta yi ba ta sha ƙwayoyinta ba, a auna jininta kafin ta koma kansu.