Ƙara nauyi zai sa lilo ya ƙara sauri?

Malam, ka tambaya ko ɗaura dutse mafi nauyi a bakin zare zai sa ya riƙa kai da komo da sauri. A'a. Tsawon zaren ne ke da ta cewa, muddin ba ka ja dutsen can nesa ba kafin ka sake shi: T = 2π√(L/g), inda T ke nufin lokacin zuwa da dawowa sau ɗaya, L tsawon zaren a mita, g kuwa ƙarfin jan ƙasa ne, kusan 9.8. Zare mai mita 1 zai je ya dawo cikin kusan daƙiƙa 2. Ka ninka tsawonsa sau huɗu, lokacin ya ninka sau biyu kacal. Dalilin da ya sa nauyi ba ya canza saurin shi ne, ƙasa ta fi jan babban dutse, amma shi ma ya fi wuyar motsawa daidai gwargwado, sai abin ya tashi canjaras. Dutsen da aka rataya a sifirin (wato murɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai miƙewa ta dawo) kam daban ne: T = 2π√(m/k), inda m ke nufin nauyin dutsen, k kuwa taurin sifirin ɗin; ƙarin nauyi yana jinkirta shi.