Babban batir a cike, amma babur ya ƙi tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah a taimaka min. Babur ɗina na lantarki ne, na yi tafiya na bar shi a ajiye na wasu makonni, da na dawo na murɗa makulli sai allon gaba ya ɗan kawo wuta ya ɗauke, wani lokacin in ji ƙas-ƙas daga ciki shi ke nan, hon ma da kyar yake kuka, kuma abin haushin kusan a cike na bar babban batir ɗin. Na jona caja ita ma ta ƙi ɗauka. Wani mai gyara ya ce babban batir ne ya mutu sai an canja, ni dai hankalina bai kwanta ba. Akwai tiraka, wato na'urar bibiyar inda babur yake, da na sa aka ɗaura masa, ko tana da hannu a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da ba ka yi saurin yarda ba, don duk alamomin da ka lissafa sun fi kama da na ƙaramin batir, wanda mutane da yawa ba su ma san yana jikin babur ɗinsu ba. Babura irin su Zero SR/F da LiveWire duk suna da shi, batir ne mai bolt 12, galibi a ƙarƙashin kujera ko bayan murfin gefe. Wasu ƙananan babura kam ba su da shi gaba ɗaya, don haka ka fara leƙa littafin naka.

Babban batir ba a jone yake da inji kullum ba, akwai wani makunni a tsakaninsu da ake ce wa kwantakta, kuma ƙaramin batir ne yake ba kwamfutar babur wutar da za ta farka ta rufe wannan makunnin. Kamar mai gadi ne da makullin ƙofa a aljihunsa, in ya sume duk dukiyar da ke ciki ba ta fitowa. Wannan ƙas-ƙas da kake ji sau da yawa makunnin ne yake ƙoƙarin kamawa ƙarfi ya gaza, kuma shi ya sa caja ta ƙi ɗauka, don a irin waɗannan babura ita ma sai kwamfutar ta farka tukuna.

Kafin komai ka duba jan maɓallin kashewa na hannun dama da ƙafar jingina babur, duk da dai su ba sa raunana hon. Sai ka nemo mita mai auna wuta ka sa ta a ma'aunin bolt na DC, babur a kashe, jan tsinke a kan +, baƙi a kan −. In batir ɗin irin na dalma ne, lafiyayye zai nuna 12.6 zuwa 12.8, in ka ga 12.2 ya kai wajen rabi, ƙasa da 12 kuma ya zube sosai. In na litiyam ne irin LiFePO4, cikakke yana wajen 13.3 ko sama kaɗan, kuma shi yana da wata ɗabi'a, in ya yi ƙasa da yawa na'urar kariyar da ke cikinsa tana yanke wuta sai mita ta nuna kusan sifili alhali bai mutu ba. Kar ka cire tsinken, ka murɗa makulli kana kallon mita, batir ɗin da ya nuna 12.5 amma da an kunna ya faɗo 10 ko ƙasa da haka to ya gama aiki, lamba kawai yake riƙewa. Ka taɓa notocin kan batir ko sun saki, ka kankare farin garin da ke taruwa a kai, ka duba fiyus.

In ya tabbata shi ne, ka cire shi, − da farko, wajen mayarwa kuma ita ce ta ƙarshe, ka yi masa caji da cajar da ta dace da irinsa. Cajar batirin dalma mai tsarin farfaɗo da tsohon batir tana harba bolt mai yawa, kar ka kuskura ka ɗora ta a kan na litiyam. Za ka iya jona masa wuta daga wani batir mai bolt 12 in littafin babur ɗin ya yarda, in na mota ne motar ta kasance a kashe.

To amma nan ne akasari ake yin asara, a sayo sabo a ɗaura, bayan ɗan lokaci shi ma ya kwanta, saboda ba a tambayi me ya kashe na farkon ba. Babur ɗin lantarki ba shi da janareta a inji irin na mai fetur, wata na'ura ce da ake kira kwanbata take rage wutar babban batir ta ciyar da ƙaramin. Da zarar babur ya tashi ka sake aunawa, ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.5, in lambar ba ta motsa daga inda take ba to kwanbatar ko fiyus ɗinta ko wayarta ne ke da matsala.

Tirakarka kuwa ni ita nake zargi. Tana shan wuta dare da rana, kwanbata kuma a babura da yawa ba ta aiki sai an kunna ko ana caji, ga batir ɗin ɗan mitsitsi ne, in abu yana jan wuta miliamfa 20 ba tsayawa, a sati biyu ya sha kusan amfa-awa 7, wanda ya isa ya ƙarar da irin wannan batir ɗin. Ka cire wayar −, ka sa mita a ma'aunin amfa tsakaninta da kan batir, makulli a kashe fa kar ka kunna, ka ba kwamfutar mintuna ta yi barci, sannan ka zare tirakar ka ga ko lambar za ta faɗi. Batirin dalma in ya daɗe a zube farantan cikinsa suna yin ɓawo, ko ya karɓi caji ba lallai ya koma yadda yake ba.

Wayoyi masu launin ruwan lemo kuma babu ruwanka da su wallahi, na babban batir ne, wutarsu tana kisa, in bincike ya kai can sai wanda ya koyi aikin. Nan gaba in za ka yi doguwar tafiya ka bar ƙaramin a kan 'yar cajar nan mai riƙe batir a cike, ko ka sa wani ya riƙa kunna babur ɗin lokaci-lokaci. In ka auna ka aiko mana lambobin ukun, a kashe, lokacin murɗa makulli, da bayan ya tashi.