Tambaya da Amsa: Wayar Wuta da Tiyon Ruwa a Rami Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na sayi motar gida ta hannu, irin wadda ake kwana a ciki a yi girki a ciki, ƙirar Amurka, mai ɗaukar wuta amfiya 30. A gefen direba akwai wani akwati mai ƙofa inda aka tara bakin shigar wuta, bakin ruwan sha da bawul ɗin tankunan ƙazanta. A ƙasan akwatin rami ɗaya ne tal, mai murfin roba. Idan na yi zango, ta nan nake cusa wayar wuta da tiyon ruwan sha da tiyon ɗauraye tankin bayi, sai murfin ya ƙi rufuwa. Kwanan nan na ga kashin ɓera a ciki, ƙasan kuma kullum da danshi. Sannan idan na kunna na'urar sanyaya ɗaki, kan filogin da ke shiga jikin motar yana yin zafi har ba na iya riƙe shi. Shin in huda rami na biyu ne, ko in faɗaɗa wannan? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya sanya alheri a motar. Zan amsa maka maganar rami, amma bari mu fara da filogin nan, domin shi ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka. Kada ka sake kunna na'urar sanyaya ɗaki sai ka duba shi.

Amfiya 30 a kan bolt 120 wat 3,600 ke nan, kuma na'urar sanyaya ɗaki ita kaɗai tana cin amfiya 12 zuwa 15 idan tana aiki. Ka ƙara mata tukunyar dafa ruwan wanka, sai ka ga an kusa kaiwa maƙura. A irin wannan hali, waya ta yi ɗan ɗumi ba laifi ba ne. Amma zafin da hannu ba ya iya jurewa, wannan kam ruwa ba ya tsami banza. Yawanci haƙoran filogi ne ba su kama da kyau ba. Inda ƙarfe biyu suka haɗu sako-sako, wuta tana matsewa ta ɗan wurin da suka taɓa juna, wurin ya yi zafi, zafin ya sassauta ƙarfen da ke riƙe haƙoran, riƙon ya ƙara saki, zafi ya ƙara hawa. Abin da ya fi muni shi ne bireka ba za ta faɗi ba, tunda wutar da ke wucewa ba ta haura amfiya 30 ba. Roba ce za ta yi ta narkewa a hankali cikin akwatin da ke rufe, ƙarƙashin ɗakin da kake barci.

Ka kashe bireka a turken wuta na zangon, wato sandar da ake jona waya a jikinta, ka zare wayar daga can, sannan ka cire filogin daga jikin mota ka kalle shi da rana. Idan haƙoran sun yi baƙi, ko robar da ke zagaye da su ta kumbura ko ta sauya launi, a canza filogin da soket ɗin jikin motar gaba ɗaya. Mutane sukan canza ɗaya su bar ɗaya don rage kashe kuɗi, alhali zafin da ya ƙona wannan shi ya gasa wancan, kuma tsohon soket zai lalata sabon filogi cikin ɗan lokaci. Idan ba ka saba da aikin wuta ba, ka kira mai gyaran da ya san aikinsa, ya ɗaure sukurorin bayan soket ɗin ma.

Yanzu ka tambayi kanka me ya sassauta shi tun farko. Ina kyautata zaton ramin nan ne. Wayar amfiya 30 tana da nauyi, jijiyoyi uku ne a cikinta masu kaurin lamba 10 a ma'aunin Amurka, wato sama da milimita 5 murabba'i kowace. Ta amfiya 50 kuwa jijiya huɗu ce, kaurinta ya kai inci guda. Idan ka cusa irin wannan waya a rami ɗaya da tiyo biyu, duk lokacin da aka buɗe fanfo tiyo ya motsa, ko wani ya yi tuntuɓe da shi a waje, wayar ce ake fizga, kuma ƙarshen fizgar a kan haƙoran filogi yake sauka. Saboda haka amsata ita ce ka huda rami na biyu. Kada ka faɗaɗa na farko, domin babban rami ɗaya zai bar su a cakuɗe yadda suke, ya kuma ƙara wa ɓera faɗin ƙofa.

Tsarin da nake bi a kowane akwati irin wannan shi ne wuta a sama, ruwan sha a tsakiya, ƙazanta a can ƙasa, kowa da hanyarsa. Dalilina kuwa, duk mahaɗar tiyo wata rana sai ta yi yoyo, komai tsadarta. Tun da haka ne, sai a jera kaya yadda in ruwa ya ɗiga ba zai sami wuta a ƙarƙashinsa ba, in ƙazanta ta fantsama ba za ta sami bakin tiyon sha kusa da ita ba.

Sabon ramin na waya ne ita kaɗai, kuma ya kasance a ɓangaren da soket yake, nesa da bawul ɗin tankuna. Kafin ka ɗauki abin huda, ka kwanta ƙarƙashin motar da tocila ka ga abin da ke bayan wurin. A nan ake binne bututun gas, wayoyin batir, ƙarfen gindin mota da gefen tankuna. Ka fara da ɗan ƙaramin huji, ka zura waya siririya, ka sake leƙawa daga ƙasa ka ga inda ta fito. Ka auna faɗin ramin da kan filogi, tunda shi ne mafi girma a abin da zai wuce. Ka lura kuma kada wayar ta sauka kusa da salansar janareto, ko taya, ko ƙafar da ake kafe motar da ita. Idan ƙasan akwatin katako ne, a shafe bakin yankan da abin hana ruwa shiga, in ba haka ba danshi zai bi ta nan ya ruɓar da shi. Idan ƙarfe ne ko roba mai tauri, dole a sa zoben roba a baki. Bakin ƙarfen da aka yanka yana cin fatar waya kaɗan-kaɗan, ba za ka ankara ba sai jan ƙarfe ya leƙo. Ana sayar da murfi na musamman mai ɗan tsagi a gefe, wanda ake rufewa waya na ciki. Shi za ka nema.

A cikin akwatin, ka kafa maƙali ɗaya a bango, tazarar taƙi guda daga soket, wanda zai riƙe wayar ya ɗauke nauyinta. Gwajinsa mai sauƙi ne: ka ja wayar daga waje, idan filogi ya motsa, aikin bai yi ba. Ka bar ta ta lanƙwasa a sake, kada ka karya ta kwana mai kaifi, musamman lokacin sanyi da roba ke ƙanƙarewa. Wanda wayarsa ke shiga ta bango ko ta tsagin ƙofa, ya bari ta fara yin ƙasa a waje kafin ta hau zuwa mashiga. Ruwan sama yana bin jikin waya, kuma a wannan lanƙwasar zai ɗige ƙasa maimakon ya biyo ta ciki.

Akwai wata ɗabi'a da nake yawan gani, kuma tana damuna. Turke yana kusa, sai mutum ya zaro mita biyu kacal ya bar ragowar wayar a naɗe cikin akwati. Wayar da ke ɗauke da wuta mai yawa tana fitar da zafi a duk tsawonta, in tana naɗe kuwa, kowane zagaye yana dafa na kusa da shi. Shi ya sa za ka ga gargaren naɗe waya na Turai an rubuta musu ƙarfi biyu, kimanin wat 1,000 a naɗe, sama da 3,000 a warware. Ka fitar da ita duka ka shimfiɗa a ƙarƙashin mota, inda babu kwanciyar ruwa kuma ba a takawa. Masu motoci ƙirar Turai, masu filogi shuɗi na amfiya 16 a kan bolt 230 da waya mai tsawon mita 25, wannan gargaɗi ya fi shafar su, don ragowar da ke hannunsu ta fi yawa.

Tsohon ramin ka bar wa ruwan sha. Danshin da kake gani, ina zargin bakin shigar ruwa ne. Tiyo cike da ruwa yana rataye a jikinsa yana jan sa ƙasa, har wasar roba, wato zoben da ke hana yoyo, ta gaji ko bakin ya tsage. Ka sa gwiwar tagulla mai kwana 90 a wurin, tiyo ya sauka miƙe zuwa rami, ka canza wasar. Abin rage ƙarfin ruwa kuma a bakin fanfon zango ake ɗaura shi, a saita shi tsakanin 40 zuwa 50 a ma'aunin matsin ruwa da ake kira psi, don ya kare tiyon da bututun mota baki ɗaya. Tiyon ya zama na ruwan sha, wanda aka rubuta haka a jikinsa, galibi fari ko shuɗi. Idan za ka ajiye shi, ka tsiyaye ruwan, ka murɗa bakinsa biyu su haɗe da juna, ka sa shi a mazubinsa daban.

Tiyon ɗauraye tankin bayi ba shi da dalilin kwana a rami. Aikinsa na 'yan mintuna ne ranar zubar da tanki. Ka buɗe ƙofar akwati, ka haɗa shi, ka tabbata bawul ɗin tankin a buɗe yake kafin ka saki ruwa, ka tsaya a kansa har ka gama, ka cire. Launinsa ya bambanta da na sha yadda ko da dare ba za a rikita su ba. Cire shi zai rage cunkoson da ke hana murfinka rufuwa.

Sai ɓera. Kafar da ba ta wuce milimita 6 ba, kaurin fensir, ta ishe shi shiga, kuma waya da tiyo su ne tsaninsa daga ƙasa. Bayan ka rufe murfi, ka toshe abin da ya rage da ragar jan ƙarfe. Na fi son ta a kan soson ƙarfe, wanda ke tsatsa a wuri mai danshi, kuma ɓurɓushinsa bai kamata ya kusanci soket ba. Kashin da ka gani kada ka share shi a bushe, ƙurarsa tana iya ɗaukar cuta. Ka sa safar hannu, ka jiƙa shi da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, ka bar shi minti 5, sannan ka kwashe. Ka bi wayoyin da ke akwatin da ido ko ya ɗanɗana wata.

Wajen haɗawa a zango, ni wuta nake fara yi tun hannuna na bushe: bireka a kashe, in sa filogi a mota, in sa ɗaya kan a turke, sannan in kunna. Ruwan sha ya biyo baya, ƙazanta a ƙarshe da safar hannu. Idan da hali, ka sayi na'urar tsaron wuta da ake maƙalawa a turke. Da yawa cikinsu suna yanke wuta in ta faɗi ƙasa da bolt 104 ko ta haura 132, kuma suna tona asirin turken da aka haɗa wayoyinsa ba daidai ba kafin ya taɓa motarka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni da maigidana za mu yi makonni a wurin da ruwa ke daskarewa da dare. Za mu iya barin tiyon ruwa da na ƙazanta a haɗe? Daga wata mai karatu.

AMSA: Barka kadai Hajiya. Shawarata ku cika tankin ruwan sha na mota da rana, ku cire tiyon, ku tsiyaye shi ku shigar da shi ciki, ku riƙa amfani da famfon motar mai tura ruwa daga tanki. Ruwa yana ƙara girma da kimanin kashi 9 cikin 100 idan ya zama ƙanƙara, kuma abin da ya fara fashewa shi ne matatar ruwa da abin rage ƙarfi da ke waje. Akwai tiyo mai ɗumama kansa da wuta, yana aiki, sai dai bakin fanfon zango da mahaɗai suna buƙatar nasu rufin, filoginsa kuma a ɗaga shi daga ƙasa.

Tiyon ƙazanta, mai faɗin inci 3, kada ku bar ruwa ya kwana a cikinsa. Bawul biyun, na tankin bayi da na tankin ruwan wanka, su zauna a rufe. Idan tankin bayi ya kai kashi biyu cikin uku, ku haɗa tiyon da tsakar rana, ku fara sakin na bayi, ku bi shi da ruwan wanka da wanke-wanke don ya ɗauraye hanya, ku ɗaga tiyon ya tsiyaye, ku mayar da shi ma'ajiyarsa. Yawancin waɗannan akwatuna daga na'urar ɗumama ɗaki ta gas suke samun ɗumi, saboda haka idan kun koma hita ta lantarki a cikin ɗaki, ku sani akwatin ba ya samun komai. Ku toshe ramukan ƙasa da kyau, ku ajiye ɗan ma'aunin zafi kusa da bawul, ku duba shi kafin ku kwanta da kuma da asuba.