Amsa: Shin abin da aka cusa wa yaro yana zame masa hali?

Malam, ka tambaya ko aƙidar da aka cusa wa mutum tun yana ƙarami, musamman a lokacin yaƙi, tana bin sa har girma. A ganina tana bin sa, domin yaro ba ya auna maganar da ta fito daga bakin mai ciyar da shi, karɓarta yake yi kamar yadda ya karɓi sunansa.

Dubi Jamus. A 1939 gwamnatin Hitler ta wajabta wa yara 'yan shekara 10 zuwa 18 shiga ƙungiyar matasanta, inda aka horar da su kan atisaye da biyayya babu tambaya da ƙyamar Yahudawa, har ta kai a 1945 wasunsu, da ko gemu bai fito musu ba, suka ɗauki makamai a titunan Berlin alhali Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya ƙwace wa ƙasarsu. A nan Kano ma, dattawan da suka ga rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki ba su manta da samarin da aka toshe wa kunne daga kowace magana sai ta jagoransu ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ko aƙidar ta rushe, halin da ta gina yakan saura: tsoron yin tambaya, da saurin raba jama'a gida biyu, namu da nasu. Na zauna da wani dattijo a Fagge wanda ya yi ƙuruciya lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ya daɗe da watsar da ƙiyayyar da ya tashi da ita, har abokan cinikinsa a Sabon Gari Inyamurai ne, amma har yau idan aka yi masa musu sai ya ɗauka cin amana ne.